Makonni uku ina kallon motar da ba ta bar tasha ba

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Makonni uku na yi a ɗakina a Mabera, cikin zafin Afrilun Sakkwato, kwamfuta a cinya tana ƙona ni, ina ƙarar da kuɗin data wurin sauke bayanan ChIP-seq, gwajin da ke nuna inda furotin ke zaune a kan DNA, da masu bincike suka saka kyauta a intanet. Aikin digirina na biyu ne, tambayar kuma ɗaya ce: in an zuba wa sel ɗin ɗan Adam maganin flavopiridol, me ke samun RNA polymerase II, furotin ɗin da ke kwafar ƙwayar gado zuwa RNA?

Ni bakin ƙwayar gado kawai nake dubawa, inda kwafi ke farawa. Kafin magani, tudu dogo a hoton, alamar polymerase ya taru a nan. Bayan magani, tudun na nan daram. Sai na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa maganin bai yi komai ba, na hau kabu-kabu na kai wa Malam.

Bai ko karanta ba. Ya ce, "Ja hoton nan zuwa dama." Na ja. Cikin ƙwayar gadon wayam, kamar an share. Ya dube ni ta saman tabarau: "Motar Illela ta cika, inji na kuka, tana nan cikin tasha. Kai ka rubuta ta isa?"

Abin haushin, na karanta wannan tun tuni, ban dai haɗa shi da abin da ke gabana ba. Polymerase ɗin yakan kwafi harufan DNA 20 zuwa 60 ne ya tsaya cik, furotin biyu, NELF da DSIF, sun riƙe shi. Ba ya wucewa sai P-TEFb, wato haɗin furotin biyu, CDK9 da cyclin T1, ya liƙa musu fosfet, da kuma kan wani gurbi mai suna Ser2 a wutsiyar polymerase. Nan NELF ke saki, DSIF ya koma abokin tafiya. Flavopiridol kuwa CDK9 yake toshewa. To ina tudun farko zai je? Ai masu jira nake ƙirgawa ina kiran su matafiya.

Sai bayan wannan marin na fahimci HIV da gaske. A da haddace Tat da TAR na yi don jarrabawa. In babu Tat, furotin na HIV, polymerase na fara kwafin ƙwayar cutar ya tsaya da guntun RNA mai harufa wajen 59, wanda ke naɗewa ya zama TAR. Tat ya kama wannan naɗin, ya jawo P-TEFb, har yakan ƙwato shi daga 7SK da HEXIM1, RNA da furotin da ke tsare da shi. Shi ke nan, a kwafe harufa sama da 9,000. Inda Tat ko P-TEFb ya yi ƙaranci, kamar a sel ɗin garkuwar jiki na CD4 masu hutawa, cutar takan lafe shiru, yana cikin dalilan da maganin ARV ke danne ta amma bai kawar da ita ba.

Yanzu ba na buɗe baki sai na raba ƙirgar bakin da ta cikin ƙwayar gadon. Lissafin bai ci mini yini guda ba. Yini guda! Wani ƙanena a sashe ya kawo mini nasa hoton shekaranjiya yana murna da tudu. Na ce masa ya ja zuwa dama.