Ilimin da ya tsaya a teburin maigida

Ƙarshen watan nan zan bar kilinik ɗin da nake aiki a nan Yamai. Waɗanda suka san gidan ba sai na faɗa musu dalili ba. Ƙannenmu da ke dawowa daga Dakar ko Abijan da takardar likitan haƙori a hannu, su nake yi wa wannan rubutu.

Duk gayyatar ƙaro ilimi da ta shigo gidan, a teburin maigida take tsayawa. Shi zai tafi, shi zai amshi kuɗin zama, ya dawo da takardar shaida a sa mata gilashi a rataya a ɗakin jira. Mu da muke bisa bakin marasa lafiya tun safe har la'asar ba ma jin ko kalma ɗaya daga abin da aka koyar. Da farko na ɗauka rowa ce kawai. Ban gane cewa shi kansa ba ya sauraren abin da ake faɗa a can ba sai ranar da aka kawo wani yaro ɗan shekara 12, kabu-kabu ya kayar da shi a hanyar lakkwal, haƙorinsa na gaba na sama ya fita ɗungurum. Uban ya kawo haƙorin naɗe cikin hankici, ya ce ba a fi minti 40 da faɗuwar ba.

Na ce, "Doktor, haƙorin nan bai yi awa a waje ba, a bar ni in mayar da shi." Ko kallon hankicin bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, nan ba Dakar ba ne. In ya ruɓe a bakinsa, kai za ka amsa ko ni? Wanke mashi, rubuta amoksisilin, in ya girma a yi mashi na roba." Uban yaron, bawan Allah, sai cewa ya yi, "Likita, duk yadda kuka ce."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, maganar ba ta da wata gardama. Ƙa'idojin da ƙungiyar IADT, wato ƙungiyar duniya ta masana raunin haƙori, ta sabunta a 2020 sun fayyace komai: haƙori na dindindin in ya fita, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi da madara ko ruwan gishirin asibiti ba tare da gogewa ba, a mayar da shi gurbinsa da gaggawa. Zaruruwan da ke manne da saiwar su ne rayuwarsa, kuma in suka bushe fiye da minti 60 sun mutu. Bayan an mayar, a ɗaure shi da maƙwabtansa da waya mai laushi tsawon mako 2, a duba allurar tetanos, sannan tunda a shekarun yaron nan bakin saiwar ya riga ya rufe, a fara aikin jijiya, wato kwashe jijiyar haƙorin daga ramin saiwa, kafin mako biyun ya cika. Ko da awa ta wuce ma, mayarwar tana riƙe ƙashin wurin ya daɗe bai zaizaye ba, domin ba a dasa na ƙarfe sai girma ya tsaya. Yaron nan zai yi shekara shida ko fiye da giɓi a tsakiyar baki, a daidai shekarun da ƴan aji ba su da tausayi. Daga baya, ina neman wani abu a kabad, na ci karo da takardun wani taro kan raunin haƙori da maigida ya halarta. Ko ledarsu ba a yage ba.

Haka zancen yake wajen ciwon jijiya. A gidan, mutum ya zo da kumburi, a rubuta mashi maganin ƙwayoyin cuta, ya dawo bayan wata biyu a sake rubutawa, karo na uku a cire. Alhali jijiyar da ta mutu ba jini ke shiga cikinta ba, to ta ina maganin zai isa wurin? Kumburin ne ke lafawa, ƙwayoyin suna nan cikin ramin saiwar. Sai an buɗe, an kwashe abin da ya ruɓe, an wanke sosai da ipokilorit, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, an killace haƙorin da roba don kada miyau ya koma ciki, sannan a cike. Maganin sha na wanda zazzaɓi ya kama ne ko kumburi ya fara bazuwa, kuma wanda ya kumbura ƙarƙashin haɓa har haɗiya na gagararsa, wannan a kai shi babban asibiti nan take, ba a jira gobe. Na san aikin jijiya na cin lokaci, cirewa kuma minti kaɗan ce a amshi kuɗi a kira na gaba. Ban ce wannan ne dalilin kowa ba.

Abin da na sani a yau, yawancinsa da kuɗin aljihuna na same shi: katin intanet, darussan dare a waya, da wata babbar yaya a sana'ar da ke barina in tsaya bayanta ranar Asabar ina kallo. Ita ta nuna mini yadda ake neman ramin saiwa na huɗu a haƙorin turmi na farko na sama, wanda mantawa da shi ke sa aiki ya lalace bayan shekara. Tun daga lokacin haƙoran da na yi wa aiki ba sa dawowa, kuma masu karɓar baƙi sun san sunan wa mutane ke tambaya.

Sauran kuwa gajeru ne. Haƙorin famfara ba a mayar da shi, yana iya ɓata na ƙarƙashinsa. Kada ka fara aikin jijiya ba ka ɗauki radiyo, wato hoton cikin haƙori, ba, ko da an ce fim ya yi tsada. Ka rubuta a katin mara lafiya abin da ka ba da shawara da wanda ya hana. Ka gaya wa malaman lakkwal na unguwarku zancen ɗauraye haƙorin da ya fita da madara a mayar da shi da gaggawa, sun fi mu ganin yara lokacin da suka faɗi. In za ka kama aiki a sabon wuri, kafin ka tambayi albashi, tambayi ƙaramin likitan gidan yaushe rabonsa da zuwa taron ƙaro ilimi.