Gwajin DNA na ba da lamba, takarda ce ke ba da suna

Sakamakon gwajin DNA ba zai ce maka wannan jikan wane ne ba. Lamba kawai yake bayarwa, wato yawan gadon halittar da kuka yi tarayya a kai da wani, a ma'aunin santimogan da ake taƙaitawa cM. Tsakanin uba da ɗa kusan 3,500 ne, 'ya'yan wa da ƙane kusan 850. In sai a kakannin iyaye kuka haɗu, kusan 230.

Matsalar ita ce lamba ɗaya na ɗaukar dangantaka iri-iri. Mai 1,750 zai iya zama kakanka, ko kawunka, ko ɗan'uwan da kuka haɗa uba kaɗai. Shekarar haihuwa ce ke fara tace su.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Dana Leeds, wata mai binciken salsala, ta fito da ita a 2018. Cikin mutanen da gwajin ya nuna kun yi tarayya da su, ware waɗanda ke tsakanin cM 90 da 400, ka duba wa ya dace da wa, kowane rukuni ka ba shi launinsa. Galibi rukuni huɗu ke fitowa, ɗaya ga kowane kaka. Amma a zuri'ar da aka daɗe ana auren zumunci launukan cakuɗewa suke, lambar ma ta kumbura, na nesa ya fito kamar na kusa, saboda ta hanya biyu ko uku kuka haɗu. A nan dogon yanki guda na DNA da kuka yi tarayya a kai ya fi jimillar lambar zama abin dogaro. Guntun da bai kai cM 7 ba, kada ka gina komai a kansa, da yawa arashi ne kawai.

Daga nan sai takardu: na haihuwa, aure, mutuwa, rabon gado, ƙidayar jama'a. Fara da kanka ka koma baya, tsara bayan tsara, haka ma salsalar wanda kuka dace da shi, har ku haɗu a wuri ɗaya da zamani ɗaya. Suna kaɗai ba hujja ba ne. Takwarori sun yi yawa, magatakarda na rubuta suna yadda kunnensa ya ji, shekaru kuma sau da yawa kintata su aka yi. Bishiyar dangin da wani ya ɗora a intanet ba tare da takarda ba, ɗauke ta a matsayin jita-jita.

In da dattijo a raye, shi za a fara gwadawa. Rabin gadon kowane mahaifi ne kawai ke isa ga ɗa, don haka dangin da suka ɓace a sakamakonka suna iya bayyana a nasa.