Bazawarar Malfi da takardun gidana

Kwana uku da fitata takaba, Yaya ya zo gidana nan Garwa. Ko kunun da na ajiye masa bai taɓa ba. Ya ce, "Ƙanwata, maganar aure ki jingine ta tukuna. Ido na kanmu a unguwa." Na ce, "To, Yaya."

Da daddare na kasa barci, sai na lalubo wani tsohon littafina na makaranta, wasan kwaikwayon John Webster, The Duchess of Malfi, wanda aka fara nunawa a Landan wajen 1614, aka buga shi a 1623. Lokacin da muka karanta shi a aji, don jarrabawa na haddace. Wannan karon kuwa ji na yi kamar gulmata ake yi.

Jarumar wasan mai sarauta ce a garin Malfi na Italiya, mijinta ya mutu ya bar ta da ƙuruciyarta da dukiya. 'Yan'uwanta maza biyu, Ferdinand da wani Kadinal na coci, suka hana ta sake aure, wai don martabar gida. Shi Kadinal ɗin kuwa yana neman matar wani! Ita da kanta ta zaɓi Antonio, mai kula da harkokin gidanta, ta sa masa zobe, suka yi aure a ɓoye, shaidarsu mai yi mata hidima Cariola kaɗai. Har 'ya'ya uku suka haifa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bosola, ɗan leƙen asirin da suka dasa mata. Ya ga tana sa manyan riguna, sai ya kawo mata 'ya'yan itace don ya ga ko kwaɗayin ciki zai tona ta. Ta ci da zumuɗi, naƙuda ta taso. Na tuna maƙwabciyata da ke ƙirga sau nawa nake sayen ɗanyen mangwaro.

Daga ƙarshe da igiya aka shaƙe ta. A gaban gawarta Ferdinand ya faɗa da bakinsa cewa ya so ta zauna ba aure ne don dukiyarta ta dawo hannunsa, ko da yake kishin da yake mata ya wuce na ɗan'uwa.

Ni ba wanda zai shaƙe ni, alhamdu lillahi, kuma auren ɓoye ba nawa ba ne. Amma ranar Juma'a Yaya ya dawo, ya sha kunu wannan karon, sannan ya tambaye ni inda marigayi ya ajiye takardun gida, wai ya adana mini. Na ce suna wajen Goggo. Suna ƙarƙashin katifata.