Asabar: sabon kai ga sandar fasa ƙwallo

Saƙon da ƙanena ya aiko daga Legas ya iso da hantsi, direba ya kira ni na je tasha na karɓo. 'Yar leda ce da ba ta cika tafin hannu ba, cikinta kawunan sandar sinuka guda biyu, kowanne faɗin milimita 14. Ɗaya ruwan ƙasa, na finolik, wato yadi ne aka jiƙa da wani irin ƙaro na masana'anta aka matse da zafi har ya sandare. Ɗayan kore-kore ne mai ɗan sheƙi, shi ake kira G10. Saƙar zaren gilashi ce da gam mai ƙarfi, kuma ya fi ɗan'uwansa tauri.

Sandar da nake fasa ƙwallaye da ita, wato bugun farko da ke watsa su a teburi, kan fata gare ta, kuma ya baje ya yi leɓe saboda duka. Na kai ta wurin wani kafinta a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Ya yanke tsohon kan, ya daidaita bakin sandar, ya goge bayan na finolik ɗin da sanfefa don gam ya kama. Wurin rage gefe ne aka sha fama. Reza ta ƙi ci sam, sai da ya koma ga magagari yana bi a hankali. Ya ɗago ya ce, "Malam, wanga abu dutse na ko mi?" Na G10 kuwa ya ɗan gwada shi a gefe, ƙurar ta sa masa ƙaiƙayi a yatsu, ya miƙo min abina. Ƙurar gilashi ce, sai da takunkumi ake taɓa ta.

Bayan isha'i na tafi wurin da muke wasa. Bugun farko kowa ya waiwayo. Ƙarar daban take, wata "ƙas!" mai kaifi, ƙwallaye suka watse har bangon ƙarshe, alhali ban sa ƙarfin da na saba ba. Fata tana lotsawa idan ta haɗu da farar ƙwallo, a nan wani ɓangare na ƙarfin yake tafiya. Wannan ba ya lotsawa, abin da hannu ya bayar kusan duka yake isarwa, kuma ba zai baje ba ko an shekara ana jibgarsa. Amma allin da ake goga wa kan sanda don kada ya zame ba ya zama a kansa sosai. Da ka kauce wa tsakiyar ƙwallo kaɗan, sanda ta zame, farar ta tafi inda ta ga dama. Wani yaro ɗan jami'a ya ara ya nemi ya murza ƙwallo da shi ta dawo baya, aka yi ta masa dariya. Ba aikinsa ba ke nan.

Daga nan aka shiga gardamar tsallake, wato sa farar ƙwallo ta tsallake wata ƙwallon da ta tare mata hanya. Yaranmu sukan zura sanda ƙarƙashin ƙwallo su kwashe ta sama, kuma a dokar wasan wannan laifi ne. Yadda aka yarda shi ne ka ɗaga gindin sanda, ka doki ƙwallon daga sama zuwa ƙasa, ta matsu da dutsen da ke ƙarƙashin yadin teburi ta yi tsalle. Shi ya sa sandar tsallake take gajera, mara nauyi, mai kai mai tauri, kuma dokar gasa ba ta yarda ta gaza inci 40 ba. A sinuka ta ainihi, mai jajayen ƙwallaye 15, ba irin wadda muke bugawa ba, tsallaken ma gaba ɗaya haramun ne. Na gwada da tawa duk da tsawonta, ƙwallon ta ɗan ɗaga kawai. Teburin namu katako ne a ƙarƙashin yadin, katako kuma yana shanye bugu.

Wani dattijo cikinmu ya kawo abin da ban zata ba. Ya ce shi dalilinsa na son kan roba irin nawa daban ne: kawunan fata masu hawa-hawa irin na kamfanin Kamui da fatar alade ake yin su. Gaskiya ya faɗa. Wani ya ce to me zai hana dukawanmu su yi da fatar jar akuya? Ni dai ina ganin laushin da ya yi mata suna a duniya shi ne zai hana ta wannan aiki, ta fi dacewa da jaka da takalmi.

Mai wurin ne bai ji daɗi ba. Ya haska fitilar waya ya nuna min fararen ɗigo a yadin, daidai inda ake ajiye fara. Ya ce, "Yallaɓai, kai kana jin daɗin ƙara, ni ka sayen yadi." Ƙwallayensa ma ba masu tambarin Aramith na Beljiyam ba ne, waɗanda su kansu da finolik ake yi. Masu araha ne, saurin tabo gare su. A kan irinsu ba zan ɗora G10 ba, ko da kafinta ya yarda ya sa min. Muka yi yarjejeniya zan riƙa shimfiɗa ɗan ƙyalle ƙarƙashin fara lokacin fasawa, kuma ba tsallake a teburinsa. Ya yanko min ƙyallen daga tsohon yadin da ya cire bara, na biya kuɗin wasa na hau mashin.