Me ya same ta da safe?

Asabar. A wayata ɗaya saura kwata na dare, a laftof kuma sha biyu saura kwata, zan zo kan wannan daga baya. Barci ne ya ƙi zuwa na ce bari in zauna in rubuta ko na samu ya fita daga kaina.

Kun san tun watan jiya nake damunku da zan sa Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kishiyar Windows, a kwamfutar nan. Ita ce dai HP EliteBook 840 G3 ɗin da muka yi karo-karo ni da ƙanwata Auta muka ɗauko a Farm Centre, ita rana ni dare, haka muke rabonta. Windows 10 ce a kai, wa'adinta kuma ya cika tun 14 ga Oktoban 2025, ga shi furosesan cikinta ƙarni na shida ne alhali Windows 11 daga na takwas take karɓa a hukumance. To ni dama neman dalili nake. Amma Auta ba za ta rabu da Word ba, furojet ɗinta na can babi na huɗu, saboda haka shawarar da na yanke ita ce a raba had-disk ɗin gida biyu kowa da ɗakinsa, a sa wani ɗan shiri mai suna GRUB ya zama mai gadi a bakin ƙofa, duk wanda ya kunna ya tambaye shi ina za shi.

Ƙarfe tara ta fita gidan lalle ta ce sai magariba. Na ce alhamdulillahi, fili ya samu.

Da farko komai tsaf wlh har ina yabon kaina. Na kwashe foldar furojet ɗinta na zuba a filash saboda tsaro. Na kashe Fast Startup, don in ka bar shi Windows ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, kwanciya kawai take yi ta riƙe fatishan ɗinta, wato kasonta na disk. Na shiga Disk Management na matse C na yanko 100GB daga cikin 500 ɗin. Na buɗe Rufus, manhajar da ke shirya filash ɗin insitol, na ɗora Linux Mint 22 a filash, wani akwati ya fito da rubutu na danna OK ban karanta ba kamar yadda kowa yake yi. Ku riƙe wannan wurin.

Sai na danna F10 na shiga inda ake saita yadda kwamfuta za ta tashi. Nan ne na yi wa kaina. Wani tsohon bidiyo da na taɓa kalla mutumin ya ce a kunna Legacy, wato tsohuwar hanyar tada kwamfuta, a cire alamar UEFI, wato sabuwar hanyar, ni kuma abin ya zauna min daidai don abin da na sani ke nan tun lokacin difloma, mun haddace shi saboda jarabawa: sashen farko na disk bayit 512, 446 na ɗan shirin da ke tada kwamfuta, 64 na teburin fatishan guda huɗu, biyun ƙarshe kuma 55 AA. A kaina har yau nan butloda, wato wannan ɗan shirin, yake kwana. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko ita wannan kwamfutar da wane tsari aka sa mata Windows tun asali. Ana cikin insitol ma sai da ya tsayar da ni ya ce disk ɗin nan GPT ne, wato sabon tsarin rabon disk irin na UEFI, yana buƙatar wani ɗan gurbi na aƙalla 1MB don ya ajiye kansa. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da mai hankali. Ni na yanka masa 1MB ɗin na ce ga shi nan, wuce mu je.

Ya gama. Na zare filash na kunna. Mint ta taso fes, kore shar, har na ɗauki hoto zan tura gurup. Windows fa? Babu. Ko sunanta babu a jerin.

Ban tsorata ba tukuna. Na tuna na taɓa karantawa cewa daga GRUB 2.06 na 2021 an daina barin os-prober ya leƙa neman sauran tsarukan da ke kan disk sai kai ka ce masa ya yi. Na ce yawwa shi ne. Na buɗe /etc/default/grub na rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false na yi sudo update-grub, ya jero abin da ya gani, duk Linux ne. Na sake. Na sake. Na danna F9 wajen tashi don ta jero min abin da za ta iya tashi da shi, can ma babu Windows. A nan ne wata dabarar banza ta zo min, wai bari in goge Linux ɗin gaba ɗaya komai ya koma yadda yake da safe. Na tashi da filash na goge fatishan ɗin Mint na kunna.

error: no such partition.
grub rescue>

Baƙin sikirin da ɗan layi yana ƙifta min ido. Na ce to ba komai, ko duniya za ta tashi ai furojet ɗin yarinyar nan yana filash. Sai na kalli filash ɗin. Guda ɗaya ne fa. Shi na zuba wa folda, shi kuma na miƙa wa Rufus, kuma akwatin nan da na danna wa OK cewa yake duk abin da ke ciki zai tafi. Jama'a cikina ya ɗuri ruwa. Wata bakwai tana abin nan, takardun tambaya da ta bi mutane unguwa-unguwa suka cike mata, gyaran sufabaiza har sau uku. Garin neman gira.

Ana haka Umma ta ɗaga labule da kwanon dambu, lokacin an yi azahar ban ma ji kiran ba. Ta ajiye ta tsaya a kaina tana kallon sikirin ɗin, ba ta san Turancin ba amma ta san fuskata.

Ta ce, Babana ka lalata ko?

Na ce a'a Umma gyara nake.

Ta ce, me ya same ta da safe?

Na yi shiru. Na ce ba komai.

Ta ce to me kake gyarawa?

Na fara mata bayani wai tsari biyu nake so ta ɗauka, kamar gida ɗaya ɗaki biyu, mai gadin ne kawai ya ɓata hanya. Ta bar ni na gama tas sannan ta ce, haka babanku yake, Allah ya jiƙansa. Rediyonsa lafiya lau yana kama BBC yana kama Jamus, sai ya ce shi akwai wani ƙara da yake ji a ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya kwance shi ɗaiɗai. In ya mayar sai kusa biyu ko uku su rage, ya zuba a gwangwanin madara ya ce dama ba su da amfani. Ta ce har ya bar duniya gwangwanin nan ya kai rabi kuma ba wanda ya san na ina ne. Ta yi dariya sosai, ni ma na taya ta duk da halin da nake ciki, sai kuma ta tsaya cak kamar an ɗauke wuta, ta gyara mayafinta ta ce ka ci abincin kar ya huce, ta fita.

Wannan ne ya hana ni barci, ba kwamfutar ba.

Don na kasa gane faɗa ta yi min ko kewa ce ta taso mata. Shekara nawa ban ji Umma ta kawo labarin Baba da kanta ba, kullum sai dai in mu muka taso da shi ta ce Allah ya kai haske kabarinsa ta sauya zance. Yau kuma ta kawo shi a kan shirmen da na yi. Kuma ni abin da nake tunawa da rediyon nan daban ne, ni a wurina Baba gwani ne, ina tsugune gefensa ina riƙe masa sukundireba ina jin babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya, maƙwabta ma kawo nasu suke yi. Ban taɓa kallon abin daga inda Umma take zaune ba, mace tana jiran a gama a share tsakar gida, ga labaran rana sun wuce ba a ji ba, ga abu lafiyayye an mayar da shi tarkace ana cewa gyara ne. Ashe wataƙila ma rabin lokutan shi ma cikinsa a ɗure yake kamar nawa ɗazu, fuska kawai yake dakewa saboda yaro na kallonsa. Ban san me ya sa wannan tunanin ya fi yi min ciwo ba. Ko kuma daɗi ne ya yi min. Na rasa.

Kuma tambayar tata ba ni da amsarta har yanzu. Zan iya kawo maganar wa'adin Windows 10, zan iya cewa kwas ɗin da nake son shiga sai da Linux, duk gaskiya ne, amma tsakani da Allah da safen nan ba abin da ya sami kwamfutar. Hannuna ne kawai yake ƙaiƙayi.

Na yi sallah, na ci dambun a sanyaye, kaina ya ɗan dawo. Na sake tashi da filash na buɗe taminal, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta ls /sys/firmware/efi, ya ce babu wannan wurin, shi kuwa sai an tashi ta UEFI ake ganinsa. Shi ke nan, ta tsohuwar ƙofa na shigo. Na duba disk ɗin, ga ɗan fatishan na 100MB FAT32 can a farko, na leƙa ciki ga foldar EFI ga Microsoft zaune abinta ba abin da ya taɓa ta. Na buɗe babban fatishan ɗin hannuna na rawa. Furojet na nan. Har da wani fayil a destof mai suna final final gyara na ƙarshe wanda dama ban kwafa ba tun farko, wato ko filash ɗin bai goge ba tsohon kwafi na ajiye. Na aro filash ɗin Ɗan'asabe ta katanga na kwashe komai, na kuma tura wa kaina ta imel, sau biyu.

Wato Windows ba inda ta je. Ita da UEFI aka sa ta, ni na rufe wannan ƙofar da hannuna na kafa GRUB a ta Legacy, wanda ya shigo ta can kuma ba shi da hanyar miƙa ka ga na nan ko da ya so. Na koma F10 na mayar da alamar da na cire, na kashe Legacy, na sake insitol daga farko. Wannan karon bai nemi komai ba, ya je cikin 100MB ɗin nan ya buɗe foldarsa gefen ta Microsoft, sunanta ma ubuntu don Mint a kan Ubuntu aka gina ta. Na kunna. Linux Mint a sama, Windows Boot Manager a ƙasa. Na shiga wannan na fita na shiga wancan na fita ya fi sau biyar kamar ƙaramin yaro da sabon takalmi.

La'asar. Wanka. Wuta ta tafi ta dawo.

Auta ta dawo hannu duk lalle, da gwiwar yatsa ta danna madannin. Tana ganin baƙin menu ta ce Yaya mene ne wannan kuma, da ba ta tambayata komai. Na ce ki sauko ƙasa ki danna Enter. Kafin ta gama karantawa daƙiƙa goman sun cika ta wuce Mint da kanta, ta ƙwala min kira wai ina kayanta. Na so in sa GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true ya riƙa tuna wanda aka shiga ƙarshe, sai na ga ai ni ne na ƙarshe kullum da dare, ita za ta riƙa faɗawa ɗakina kowace safiya. Na kwafi cikakken sunan layin Windows na sa shi ya zama na farko. Ni in ina son nawa na danna kibiya, ba zan mutu ba. Ban gaya mata labarin filash ba. Umma ma ba ta ce komai ba, tana ta yaba lallen, sau ɗaya kawai ta kalle ni.

Agogon kuwa, Linux yana ajiye lokacin cikin na'ura a UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, ita kuma Windows tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, mu kuma awa ɗaya muke gaba da UTC, shi ya sa duk na fito daga Mint sai Windows ta koma baya da awa guda. Layi ɗaya ne maganinsa, timedatectl set-local-rtc 1, na san shi sarai. Na buɗe taminal ɗin ɗazu na rufe. Sai gobe, yau kam na taɓa abin da ya isa.

Da nake dubawa na ƙarshe sai na ga ɗan 1MB ɗin nan na safe yana nan maƙale tsakanin fatishan biyu, ba ya aikin komai yanzu. Na kai kibiya kansa na daɗe. Na bar shi.

Gobe ɗaurin aure sha ɗaya, ko guga ban yi ba.