Abin da aka gani a cikin kakina

Asma ta same ni da girmana, na haura 35, ina koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Ba a san ta a gidanmu ba, sai na ɗora laifin a kan ƙurar alli da hazon hunturu. Hanci ya toshe har na daina jin ƙamshin miya. Inhela ta kasa, sai firednisolon, ƙwayar rage kumburi, nake saya a kemis: in na sha kwana biyar sai in miƙe garau, in na daina sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Sau biyu gwajin jini na nuna wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, sun yi yawa, sau biyu ana ba ni maganin tsutsar ciki a wani ƙaramin asibiti. Ban ga laifinsu sosai ba, a ƙasarmu tsutsa da tsargiya ne suka fi kawo haka. An gwada tibi ma, babu.

Wata Juma'a ina tafiya masallaci sai silifas ɗina ya fice daga ƙafar dama ban ji ba. Na waiwaya na gan shi a baya. Ƙafar ta ƙi ɗagowa daga idon sawu, ga wasu jajayen ɗige-ɗige a ƙwauri. Uwargida ta ce, "Malam, wannan ya wuce kemis. Gobe sai Shika."

A can asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ne wata likita ta haɗa hancin da ƙirjin da ƙafar ta ce ciwo ɗaya ne. Sunansa EGPA, da can ana ce masa Churg-Strauss, sunan likitoci biyu da suka bayyana shi a Amurka a 1951. Yakan fara da asma da ciwon hanci, shekaru su wuce, sannan ƙananan jijiyoyin jini su kumbura. Waɗanda ke ciyar da jijiyar ji da motsi ta ƙafata ne suka toshe. Gwajin ANCA, wani gwajin jini da ake yi don irin wannan ciwo, bai nuna komai ba, ta ce kada in ruɗu, fiye da rabin masu ciwon haka nasu yake fitowa. Zuciyata ce ta fi damun likitar, don ciwon kan taɓa zuciya, har sai da aka ɗauki hotonta.

Gwajin kaki ne ya fi tsaya mini a rai. Na tofa a ƙaramin kwalba, aka shafa a gilashi aka rina. Da na nace, mai ɗakin gwajin ya matsa ya ce, "Leƙa, Malam." Ƙwayoyi ne cike da ɗige-ɗige ja-ja kamar an barbaɗa barkono, sun cika wurin. Aikinsu na asali yaƙi da tsutsa. A jikina wasu ƙwayoyin garkuwa ne ke ta sakin wani sinadari, IL-5, wanda ke sa ɓargo ya riƙa ƙera su, ya kuma tsawaita ransu. Sai su taru a bangon hanyar numfashi, ba tsutsar da za su kashe, su zazzage dafinsu a kan naman wurin. Bango ya kumbura, majina ta yi kauri, hanya ta tsuke. Shi ne kukan da uwargida ke ji a ƙirjina da asuba.

A nan na gane ɓarnar da na yi wa kaina. Firednisolon na danne waɗannan ƙwayoyin, don haka shan da nake yi a tsinke ya yi ta ɓoye ciwon. Wannan karon sai da aka kawar da zargin tsutsa tukuna, domin akwai irin wadda wannan magani ke sa ta bazu a jiki, sannan aka fara shi da ƙa'ida, tare da wani mai rage kaifin garkuwa.

Ɗige-ɗigen sun ɓace cikin makonni, ƙafar na dawowa a hankali. Ƙirjin ne mai taurin kai. Duk sanda aka rage firednisolon, tari ke fara sallama, ga kumatu sun cika, ga sikari ya fara hawa. Akwai allurar mefolizumab mai toshe IL-5, Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 2017, amma da na ji kuɗinta sai na yi dariya kawai. Yanzu inhela safe da yamma ko ina jin daɗi, wanke hanci da ruwan gishiri, takunkumi in zan hau mashin zuwa Kwangila. Allin kuma na bar shi, da alƙalamin maka nake rubutu a allo.