Lokar ɗalibi da ɗakinsa: abin da shekarar 2020 ta tona

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kafin wata ya ƙare makarantu sun rufe ƙasa bayan ƙasa. Zuwa Afrilu, a ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗalibai sama da biliyan 1.5 suna zaune a gida. Makarantu da yawa sun sallami yara ne da zaton hutun 'yan makonni za a yi, don haka kowa ya datse lokarsa, wato akwatin ƙarfen da ɗalibi ke ajiye kayansa a makaranta, da abin da ke ciki ya kama gabansa. Sai bayan watanni aka buɗe su. A daidai wannan lokaci ɗakin kwanan matashi ya zama aji, ya zama wurin cin abinci, ya zama majalisar hira da abokai ta waya. Shekarar ta bambance abu biyu da iyaye da malamai suka saba haɗawa wuri guda: hargitsin da ke ɓata wa ido rai kawai, da hargitsin da ke cutarwa.

Takardu, littattafai, busassun tufafi, biro da ya ƙare, duk waɗannan za su shekara a jibge ba abin da zai same su sai ƙura. Abu uku ne ba sa jira: abinci, jiƙaƙƙen kaya, da batir. Funfuna kan fara kama abu mai danshi cikin awa 24 zuwa 48, musamman inda iska ba ta ratsawa. Rigar motsa jiki da aka cusa cikin leda da guminta, tawul da bai bushe ba, gorar ruwa da murfinta bai zauna daidai ba, ragowar 'ya'yan itace a ƙasan jaka, su ne tushen warin nan da ke dukan hanci da an buɗe ƙofa. Abinci kuma shi ke kiran tururuwa da kyankyaso da ɓera, kuma ƙwarin ba sa tsayawa a loka ɗaya tunda lokokin a manne suke da juna.

Ita kanta lokar tana da laifi. Yawancinsu faɗinsu bai wuce santimita 30 ba, zurfi 30 zuwa 45, tsayi kuma wajen 180, ko rabin haka idan an raba ta sama da ƙasa. Akwati ne siriri mai tsawo, sau da yawa kanta ɗaya tak a sama da ƙugiya biyu ko uku. Ɗalibi na da 'yan mintuna tsakanin darasi da darasi, to jefa kaya zai yi, sabo ya danne tsoho. Bayan zango ɗaya abin da ke ƙasa ya zama tamkar an binne shi. Maganin mai sauƙi ne: a ƙara kanta ɗaya a tsakiya, littattafai su tsaya a tsaye ƙeyarsu na kallon waje, jaka da riga su rataya a ƙugiya, takalmi kaɗai ya zauna a ƙasa. Ƙofar da ke cijewa ma galibi igiyar jaka ce ko gefen littafi ya shiga tsakanin sakata da jikin ƙarfen. A danna ƙofar ciki tukuna sannan a ɗaga hannun, kada a fizga, fizga ce ke lanƙwasa sakatar.

Idan za a kwashe loka da ta daɗe a rufe, a sa safar hannu da takunkumi, a fitar da komai gaba ɗaya zuwa ƙasa. Gyara kaya suna ciki ɓata lokaci ne. Takarda ko kwali da funfuna ta kama ba ya wankuwa, a ɗauki hoton shafin da ake buƙata da waya, sauran a zubar. Tufafi a ƙulle su a leda zuwa wanki. Sai a wanke cikin lokar da ruwa da sabulu tukuna, domin bilic ba ya aiki sosai a kan datti. Bayan haka a haɗa mililita 20 na bilic ɗin gida, wato cokalin shayi huɗu, da lita ɗaya ta ruwa, a shafe bango da kanta, a bar shi a jiƙe aƙalla minti ɗaya. Dole a ɗauraye da ruwa zalla a tsane, in ba haka ba ƙarfen zai yi tsatsa. Haɗin ba ya kwana, gobe ƙarfinsa ya ragu. Kuma ko kusa kada a gauraya bilic da ruwan khal (vinegar) ko abin wanki mai ammoniya: iskar da ke tashi guba ce, a cikin lungun loka kuwa kai tsaye take shiga huhu. A bar ƙofa a buɗe har cikin ya bushe ƙayau kafin a mayar da kaya.

Abin da ba zai koma loka ba ya kan ƙare a jakar baya, nan ma akwai iyaka. Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaron. Mai kilo 50, kilo 5 zuwa 7.5 ke nan.

Ɗaki ya fi loka wuyar sha'ani, saboda a nan maganar ta wuce tsafta ta shiga batun iko da sirri. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara aiki da rarraba shi mataki-mataki, ba ya gama nuna sai an shiga tsakiyar shekaru ashirin. Shi ya sa idan uwa ta leƙa ta ce «gyara ɗakin nan», ɗan shekara 14 zai tsaya ya kalli tarkacen, ya rasa ta inda zai fara, ya koma kan wayarsa. Ba lallai raini ba ne. Umarni ƙarami shi ke aiki: «Kwaso kofuna da faranti ka fitar yanzu», in an gama, «sai ka tattara kayan wanki cikin kwando». Minti goma kullum ya fi wuni guda na faɗa sau ɗaya a wata. Kwandon wanki da kwandon shara su zama marasa murfi, a ajiye su daidai inda kayan suka saba faɗuwa, ba inda suka fi kyan gani ba. Murfi ƙarin aiki ne, matashi ba zai ɗaga shi ba.

A ganina iyaye su kau da kai daga tebur mai takardu a warwatse, su tsaya kai da fata a kan gado da wutar lantarki. Cikin katifa da matashin kai akwai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna cin ɓurɓushin fatar da jiki ke zubarwa, kashinsu kuma na tayar da asma da atishawa. Wankin zanin gado da rigar matashi sau ɗaya a mako da ruwa mai zafin digiri 60 na kashe su. Danshin ɗaki ya zauna ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, abin da buɗe taga kullum da shanya tawul a waje ke taimakawa.

Karatu ta intanet ya kawo laftof kan gado, daga nan bai sauka ba. Ƙofofin shan iskarsa a ƙasa ko a gefe suke, bargo na toshe su, injin ya ɗau zafi, batir ya gaji da wuri. Cajin waya a ƙarƙashin matashin kai ya fi wannan haɗari. Batirin da ya kumbura, wanda ake gane shi da murfin waya ko gilashinta ya ɗago, a daina cajinsa nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin sharar gida, a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Ragowar kwalaben man tsaftace hannu na lokacin annoba kuma barasar da ke cikinsu ta kai kashi 60 ko fiye, tana kama wuta, bai kamata su zauna kusa da caja ko soket mai zafi ba.

Fitar da waya da laftof daga kan gado na da wata riba. Mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma wanda bai samu ba shi ne zai tashi a makare, ya zazzage jaka a ƙasa yana neman littafi ɗaya, ya bar sauran a nan. Wurin caji guda ɗaya a kan tebur, nesa da gado, da shirya jakar gobe tun da dare, suna rage wannan zazzagar ta safiya sosai.